Kofi Antubam: Mutumin Da Ya Zana Takobin Mulkin Gana Da Bangon Birnin Akra

Duk ranar da za a rantsar da shugaban ƙasa a Gana, akwai wani takobin zinariya mai kama da tagwaye da ake miƙa masa ya ɗaga sama a gaban jama'a, akwai kuma wata kujera ta katako da ta sha sassaƙa da ruwan zinariya da ake ajiye masa. Haka aka yi wa John Mahama ranar 7 ga Janairun 2025. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Madina da Nima da Maamobi, da masu shigo da kaya ta Aflao da Paga, sun ga wannan biki a talabijin, amma ƙalilan ne za su iya faɗin sunan wanda ya zana takobin da kujerar. Sunansa Kofi Antubam, malamin makaranta ne, kuma ya rasu tun 1964.

An haifi Antubam a 1922 a Oppon Valley, cikin ƙasar Wassa da ke yammacin Gana, a zamanin da Turawan Ingila ke kiran ƙasar Gwalkwas. Ɗan gidan sarauta ne, amma mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka a hannun dangi ya tashi. Ya fara karatu a Kumasi, ya ɗan zauna a Jos ta Nijeriya, sannan ya shiga kwalejin Adisadel da ke Cape Coast. A nan ne baiwarsa ta fito fili. Shugaban makarantar ya ga yadda yaron ke sarrafa yumɓu, ya kai maganarsa gaban Gwamna Arnold Hodson, aka sa shi ya ƙera siffar kan mutum. Aikin ya burge Gwamna, kuma ta wannan hanya Antubam ya samu tallafin shiga kwalejin Achimota, wadda a lokacin babu kamarta a ƙasar.

A Achimota ya faɗa hannun wani malami haifaffen Rasha mai suna Herbert Meyerowitz, wanda ya iso makarantar a 1937. Wannan Bature ya saɓa wa 'yan'uwansa a abu guda: bai yarda a zaunar da yaran Afirka suna kwaikwayon zanen Turai ba. Yakan tura su su kalli masassaƙa da masaƙa da maginan tukwane na garuruwansu, su koyi abin da ke hannun iyayensu tukuna. Wannan tarbiyya ta bi Antubam har kabarinsa. A 1948 ya samu gurbin ƙaro ilimi a kwalejin Goldsmiths da ke Landan, ya dawo gida a 1950, ya kama koyarwa a Achimota.

Shekarar da ya tafi Landan shekara ce da 'yan kasuwa ba za su manta da ita ba, kuma sai an san abin da ya faru a cikinta kafin a fahimci babban aikinsa na farko a bainar jama'a. Bayan yaƙin duniya na biyu kaya sun yi tashin gwauron zabi a Akra. Manyan kamfanonin Turawa sun haɗa kai a ƙungiyar da ake kira AWAM, su ke shigo da atamfa da sukari da kananzir, su ke yanka farashi yadda suka ga dama, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sai abin da aka rage masa. Ranar 26 ga Janairun 1948 wani basaraken Osu, Nii Kwabena Bonne na Uku, ya jagoranci ƙaurace wa kayan Turawa. Ranar 28 ga Fabrairu kuma, tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar Gwamna don neman haƙƙinsu, wani jami'in 'yan sanda Bature ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta. An wawashe kantunan Turawa, an ƙona wasu, ciki har da na kamfanin UAC, kuma kafin ƙura ta lafa mutum 29 sun rasa rayukansu.

Bayan wannan tarzoma ne UAC ta ba da kuɗi aka gina wa mutanen Akra zauren taruwar jama'a a bakin teku, wanda aka fi sani da Community Centre. Wasu Turawa biyu, miji da mata, Maxwell Fry da Jane Drew, su suka tsara ginin, aka kammala shi a 1951. Antubam aka ba aikin ƙawata fuskarsa. Ya yi wani ƙaton zane na mutane a saman ƙofar shiga, da rubutu cikin harshen Ga wanda ma'anarsa ke nuni ga alherin zama tare a matsayin abokai kuma al'umma ɗaya. Mai karatu ya lura da wannan: kamfanin da aka ƙona wa kanti shekara uku da suka wuce shi ne ya biya kuɗin bangon da ke kira ga zaman lafiya. Ko toshiyar baki ce ko kyauta, abin da ya tabbata shi ne, a tsakiyar birnin da Turawa ke mulki, baƙaƙen mutane cikin suturarsu suka hau bango a wurin da kowa zai wuce ya gani.

Mutanen da Antubam ke zanawa ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga Makola. Mata ne masu talla, masunta, makaɗa, sarakuna da fadawansu. Ɗaya daga cikin zanensa da aka fi ambato ma sunansa How Much, wato nawa ne, kuma hoton ciniki ne. Yana da ra'ayi mai ƙarfi game da kyau: bai son a zana ɗan Afirka da muni don a burge masu sayen kayan tarihi na Turai, bai kuma son a ba shi siffar Bature. Yakan ba mutanensa kai mai siffar ƙwai da wuya mai gwatsa-gwatsa da cikar jiki, abubuwan da Akan ke ɗauka alamar kyau. Ya tattara waɗannan ra'ayoyi a littafinsa Ghana's Heritage of Culture, da aka buga a Leipzig ta Jamus ta Gabas a 1963.

Da Gana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah na bukatar alamomin da za su maye gurbin kambin Sarauniyar Ingila. Tuta Theodosia Okoh ce ta zana ta, tambarin ƙasa kuma Amon Kotei, don kada a ɗora wa Antubam abin da ba nasa ba. Nasa rabon shi ne kan sarkin wasiƙa na bikin 'yanci, guda huɗu, masu ɗauke da fuskar Nkrumah da tsuntsu da taswirar Afirka. 'Yan adawa sun yi ca a kan wannan, suna cewa an cire kan Sarauniya ne kawai an sa na wani sabon sarki. Sannan ya sassaƙa ƙofofin majalisar dokoki, ya yi wa otal ɗin Ambassador ado, kuma da ƙasar ta zama jamhuriya ranar 1 ga Yulin 1960, sandar majalisa da takobin mulki da kujerar shugaban ƙasa duk daga zanensa aka yi su. A jikinsu ya zuba alamomin adinkra, waɗanda Asante ke bugawa a jikin zane tun kafin zuwan mulkin Turawa. Wasu masu bincike na ganin a cikin waɗannan alamomi akwai tasirin hatimai da layun da malaman arewa suka kai Kumasi tare da fataken goro.

A nan ne kuma ake sukarsa, kuma sukar tana da tushe. Ƙasa ce mai Dagomba da Ewe da Ga da Frafra da mutanen zango, amma kusan duk alamomin da ya ɗauko na Akan ne. Nkrumah kansa ya sa rigar arewa, batakari, a daren da ya shelanta 'yanci, amma kayan mulkin da aka ƙera daga baya harshen kudu suke yi. Ga mutanen zango ma abin ya wuce batun zane. A watan Agustan 1957, wata biyar kacal da samun 'yanci, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi da ke tare da 'yan adawa, zuwa Nijeriya. Da suka garzaya kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe shari'ar. Wannan majalisa ita ce mai ƙofofin da Antubam ya sassaƙa. Ba shi ya kori kowa ba, aikinsa zane ne, amma haɗin kan da ya rubuta a bango bai game kowa daidai ba. Ita kanta Madina sai a 1959 aka kafa ta, lokacin da Alhaji Seidu Kardo da jama'arsa suka tashi daga kusa da filin jirgin sama aka ba su fili a arewacin birni, nesa da bakin tekun da ake ta ƙawatawa.

Antubam ya rasu a watan Afrilun 1964 sakamakon shanyewar jiki, gwamnati ta yi masa jana'izar ban girma. Bai ga juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 ba, don haka bai ga abin da aka yi wa mutum-mutumin Nkrumah na tagulla ba. Wannan ba aikinsa ba ne, wani ɗan Italiya ne mai suna Nicola Cataudella ya ƙera shi, aka kafa shi a gaban majalisa a 1958. An kai masa harin bam a 1961, ranar juyin mulki kuma jama'a suka tumɓuke shi, suka fille masa kai, suka karya masa hannu. Kan ya ɓace shekaru fiye da 40, sai a 2009 aka mayar da shi, aka ajiye shi gefen gangar jikin a filin tunawa da Nkrumah. Sojojin da suka haramta hoton Nkrumah ba su lalata takobi da kujerar Antubam ba, domin babu fuskar kowa a jikinsu, kuma shugabannin da suka biyo baya, na kowace jam'iyya, sun ci gaba da amfani da su.

Ayyukansa da ke jikin gine-gine ne ba su yi wannan sa'a ba, domin zanen bango rayuwarsa tana hannun mai ginin. An rushe otal ɗin Ambassador a 2006, aka gina Mövenpick a filin. Tsohuwar majalisa ta yi gobara a Disambar 2013, aka rushe ta a 2017. Filin tunawa da Nkrumah ya sha gyara, an sake buɗe shi a Yulin 2023 da sababbin maɓuɓɓugan ruwa. Zauren jama'a na 1951 kuwa, da ke maƙwabtaka da shi, masu binciken gine-gine da suka ziyarce shi a shekarun 2010 sun same shi ya tsufa babu gyara, iskar teku tana cin bangonsa, zanen Antubam na nan a saman ƙofa. A Disambar 2018 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin Marine Drive, wanda aka ware wa eka 241 na bakin tekun Akra don gina otal-otal da ofisoshi da kantuna, kuma zauren yana cikin wannan yanki.