Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Wakilin Lardin Bauci a Majalisar Kaduna

An haifi Malam Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauci, a shekarar 1912. Ubansa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne, yana dai cikin barorin hakimin Lere. Daga makarantar Bauci aka tura shi Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya komo gida ya kama koyarwa a Midil, har ya zama Hedimasta. A 1945 aka aike shi London ƙaro ilmin koyarwa, da ya dawo En'e ta Bauci ta ɗora shi bisa sha'anin makarantunta.

A lokacin nan ne Gwamna Richards ya kawo sabon tsari, aka kafa Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. Ba talakawa ke jefa ƙuri'a ba, En'e-En'e na kowane lardi su ke fid da wakilinsu. Na Bauci suka fid da Malam Abubakar a 1946. Da majalisa ta zauna a 1947, sai ta sa shi cikin waɗanda ta tura Majalisar Dokoki ta Ikko.

To, abin da ya kamata kowane ma'aikacin En'e ya riƙe game da shi ya auku a Agusta 1950. Ya miƙe a Kaduna ya kawo shawara a naɗa kwamiti ya bincika mulkin En'e, a gyara shi. Ya ambaci cin hanci a fili, da yadda talaka ba shi da baki cikin sha'anin ƙasarsa, da haɗarin barin iko duka a hannun sarki shi kaɗai. A tuna fa, mai faɗar wannan albashinsa daga baitulmalin En'e ya ke fita, ga shi kuwa ba ɗan sarauta ba. Mu da ke zaune gaban alƙali da alƙalami mun san nauyin irin wannan magana a bakin bara. Sarakuna da yawa ransu ya ɓaci, shawarar kuwa da ƙyar ta wuce. Amma ta wuce. Gwamnati ta sa Joji biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. A 1952 aka soke sarki ya zama En'e shi kaɗai, sai tare da majalisarsa, sa'an nan Dokar En'e ta 1954 ta biyo baya.

A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa daga ƙauye zuwa gunduma har lardi, ya sake samun kujerarsa, yana cikin manyan jam'iyyar NPC. Daga Kaduna aka tura shi Majalisar Wakilai ta Ikko, ya zama Ministan Ayyuka a 1952. Tsarin 1954 ya hana mutum riƙon kujera biyu, saboda haka ya bar ta Kaduna ya tsaya ta Tarayya, ya ci, aka ba shi Ministan Sufuri. Ya zama Firayim Minista a 1957. A 1959 ne mazan Arewa suka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a zaɓen Tarayya, mutanen Bauci suka mai da shi, haka kuma bayan zaɓen 1964 ya ci gaba da riƙon gwamnati.

Soja suka kama shi a gidansa na Ikko daren 15 ga Janairu 1966, bayan kwanaki aka sami gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai ta Bauci aka rufe. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.