Bishop Gwynne, Mai Haƙuri a Bakin Ƙofa

A wannan biki na Jubili ya kamata mu tuna da Bishop Llewellyn Gwynne, ko da ya ke shi na ikilisiyar Angilikan ne, gama mu ma mun ci amfanin wahalarsa.

An haife shi a ƙasar Wales cikin 1863. Ƙungiyar C.M.S. ta aiko shi, ya iso Hartum a ƙarshen 1899, shekara guda bayan yaƙin Umdurman. Nan ya tarar da ƙofa a rufe, gama masu mulki na Ingila sun hana yin wa'azi ga Musulmi a arewacin Sudan, domin tsoron tashin hankali. Wani da ya koma gida. Shi kuwa ya zauna.

Da aka hana bakinsa, sai ya sa hannunsa. Cikin 1902 ya fara koya wa 'yan mata karatu a Hartum, a zamanin da ba a kula da ilimin mace ba. Daga baya mishan ta buɗe asibiti a Umdurman, da makarantun 'yan mata a Atbara da Wad Madani, babban garinmu na Jazira. A shekarun nan ne kakanninmu su ke ta isowa daga yamma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Shi baƙo, su baƙi.

Aka naɗa shi bishop cikin 1908. Lokacin Babban Yaƙi ya yi hidima wurin sojoji a Faransa, cikin 1920 kuwa ya zama Bishop na Masar da Sudan. Allah ya ja ransa har ya ji labarin naɗin Daniel Deng Atong cikin 1955, ɗan ƙasa na fari da ya zama bishop a ikilisiyarsu. Ya rasu cikin 1957, yana da shekara 94.

Babbar majami'ar da aka keɓe a Hartum cikin 1912, gwamnati ta karɓe ta cikin 1971. Amma ba dutse ne ikilisiya ba. 'Yan'uwa, mu kima ne a ƙauyukanmu, sau da yawa ba mu da ikon buɗe baki. Kada mu yi fushi, kada kuma mu gudu. Mu gai da mara lafiya, mu koya wa yaro karatu, mu riƙe gaskiya a gonar auduga da kasuwa. Ubangiji ya ba mu irin haƙurin bawansa. Amin.