Tarihin Edmonia Lewis, Gwanar Sassaƙar Dutse

An haifi Edmonia Lewis a Jihar New York ta Amurka wajen shekarar 1844. Mahaifinta baƙar fata ne, mahaifiyarta kuwa tana da jinin Ojibwe, wata ƙabila daga cikin mutanen ƙasar na asali. Iyayenta sun rasu tun tana ƙarama, sai yayanta Samuel ya ɗauki nauyin karatunta har ta shiga Kwalejin Oberlin a 1859. A can ne a 1862 aka zarge ta da sa wa ɗalibai biyu Turawa guba, har waɗansu mutane suka tare ta da dare suka yi mata dukan kawo wuƙa. Kotu ta sallame ta saboda rashin hujja, amma duk da haka ba a bar ta ta kammala karatu ba.

Daga nan sai ta koma Boston, ta koyi sassaƙa a hannun Edward Brackett. Ta siffanta Kanar Robert Gould Shaw, wanda ya jagoranci rundunar baƙaƙen soja a yaƙin basasar Amurka, kuma da kuɗin wannan aiki ta tafi Italiya a 1865, ta zauna a birnin Rum, matattarar masu sassaƙa farin dutsen marmara.

Al'adar masu wannan sana'a a lokacin ita ce maigidan aiki ya fitar da siffa da yumɓu, sa'an nan ya ba Italiyawa ƙwararru su fasa dutse su sassaƙa, suna kuwa nasa ne. Edmonia ba ta saki jiki da wannan hanya ba. Ban da ƙarancin kuɗi, akwai wani dalili babba: an riga an yi wa wata takwararta, Harriet Hosmer, ƙazafin cewa ma'aikata ne suka yi mata aikinta. Idan an faɗi haka game da Baturiya, ina ga baƙar mace wadda ta taɓa ɗanɗana zafin ƙazafi? Saboda haka ta riƙa ɗaukar guduma da ƙarfen sassaƙa da hannunta, tana yin mafi yawan aikin da kanta, don kada wani ya sami bakin magana.

Aikinta mafi shahara shi ne mutum-mutumin mutuwar Sarauniya Kilofatara ta Masar, wanda aka nuna a babban bajekolin Philadelphia a 1876, jama'a suka yi ta tururuwa wajen kallo. Daga baya aikin ya wulaƙanta, har aka kafa shi a kan kabarin wani dokin sukuwa kusa da Chicago. Sai a 1994 aka miƙa shi ga gidan adana kayan fasaha na Smithsonian da ke Washington, aka gyara shi.

Edmonia ta rasu a Landan ran 17 ga Satumba, 1907, duniya ta manta da ita na tsawon shekaru. Aikin da ta yi da hannunta shi ya sake fito da sunanta.