Dom Pérignon: Ɗan zuhudun da ya yi yaƙi da kumfa, kumfa ta gaje sunansa

A manyan otal-otal na Legas da Abuja, sunan Dom Pérignon alama ce ta dukiya, domin Najeriya na cikin manyan kasuwannin giyar shamfen a Afirka. Mai sunan kuwa ɗan zuhudu ne na Kirista da ya yi alkawarin rayuwar talauci, kuma abin da ake yaba masa a kai ba shi ya ƙirƙiro ba.

An haifi Pierre Pérignon a ƙarshen 1638 a garin Sainte-Menehould da ke yankin Champagne na Faransa. Yana saurayi ya shiga ɗariƙar Benedict a birnin Verdun. A 1668 aka tura shi gidan 'yan zuhudu na Hautvillers, kan tudun da ke kallon kogin Marne kusa da Épernay, aka danƙa masa gonaki da ma'ajiyar gidan. Shekara 47 ya yi a kan wannan aiki.

Yankin na da ƙasa mai alli da sanyi mai tsanani, don haka inabinsa ba ya nuna sosai, jar giyarsa kuma ba ta iya gogayya da ta Burgundy. Pérignon ya koma ga fara, amma ta hanya mai wuya: daga baƙin inabi nau'in Pinot Noir. Sirrin shi ne launin inabi a ɓawo yake, ruwan cikinsa garau ne. Idan aka matse shi da sauri kafin ɓawon ya rina ruwan, sai a sami farar giya.

Ƙa'idojin da ake dangantawa da shi, waɗanda wani malamin coci mai suna Godinot ya wallafa a 1718, sun nuna tsananin kularsa. A datse kurangar kada ta yi tsawo, ko da amfanin zai ragu. A tsinke 'ya'yan da sassafe cikin sanyi, a zubar da duk wanda ya fashe, a kuma daina tattaka su da ƙafa. Ya kuma ƙware wajen haɗa inabin gonaki daban-daban kafin a matse.

Babbar damuwarsa ita ce kumfa. Sanyin hunturu kan tsayar da tsimuwar giya tun ba ta kammala ba. Da ɗumi ya dawo, sai yis ya farka cikin kwalba, iska ta taru, kwalaben zamanin marasa ƙwari su yi ta fashewa, ɗaya ta tayar da ta kusa da ita. Ga mai kula da dukiyar gida, wannan asara ce tsagwaronta, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana ta. Turawan Ingila ne suka riga Faransawa sha'awar kumfar. Tun a 1662 Christopher Merret ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Royal Society yadda ake ƙara sukari don giya ta yi kumfa, shekara shida kafin Pérignon ya isa Hautvillers.

Ya mutu a watan Satumban 1715, watan da Sarki Louis na 14 ya mutu, wanda shi ma haihuwar 1638 ne. An binne shi a cikin cocin gidan, a wurin da aka keɓe wa shugabanni, karramawar da ba kasafai mai muƙaminsa ke samu ba.

Labarin cewa shi ya ƙirƙiro shamfen ya samo asali ne daga Dom Grossard, tsohon ma'ajin gidan, a 1821, bayan juyin juya halin Faransa ya watsa 'yan zuhudun. 'Yan kasuwa suka ga riba a ciki suka riƙe shi, har aka ƙara da cewa makaho ne, abin da masana tarihi suka musanta. A 1936 kamfanin Moët & Chandon ya fara sayar da giya mai tsada da sunansa, a 2015 kuma hukumar UNESCO ta sanya gonakin Hautvillers cikin wuraren tarihi na duniya.