Sarkin Kano Alu Maisango

Aliyu Babba, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, ya hau gadon sarauta cikin 1894 da ƙarfin yaƙi, ana tsakiyar Basasa. An yi masa laƙabi da Maisango saboda sango, wato mashin nan da akan ɗura a bindiga a harbi giwa. Ya tara bindigogi ya damƙa wa bayin sarki, domin Damagaram da Ningi sun hana Kano sakat.

Amma tanadin nan bai tare Turawa ba. A farkon Fabrairu 1903, bayan Alu ya tafi Sakkwato, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, Sarkin Bebeji ya kwanta dama. Ran 3 ga wata aka ci Kano. Aka kama Alu aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926.