Gary Kildall: Malamin da ya haɗa ƙaramar kwamfuta da faifan filofi

An haifi Gary Kildall ranar 19 ga Mayu, 1942, a birnin Seattle na Amurka. Ya sami digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta daga Jami'ar Washington a 1972, ya kuma koyar a makarantar sojojin ruwa da ke Monterey, a jihar Kalifoniya.

A wancan zamani, ana adana bayanan ƙananan kwamfutoci ne a zirin takarda mai huji, aiki mai nawa da cin rai. Kildall, wanda ke taya kamfanin Intel aiki, ya samo tsohuwar na'urar karanta faifan filofi mai inci 8 daga kamfanin Shugart. Da abokinsa John Torode ya ƙera allon da ya haɗa ta da kwamfuta, sai a 1974 manhajarsa mai suna CP/M ta fara aiki daga faifai.

Sai dai kowane kamfani da irin na'urarsa, manhajar wannan ba ta aiki a kwamfutar wancan. Dabarar Kildall ita ce ware ɗan ɓangaren da ke hulɗa da na'ura kai tsaye, ya raɗa masa suna BIOS. Shi kaɗai mai ƙera kwamfuta zai gyara, sauran manhajar na nan yadda take. Hakan ya rage tsada, ya buɗe wa ƙananan kamfanoni kasuwa. Shi da matarsa Dorothy suka kafa kamfanin Digital Research don sayar da ita.

A 1980 IBM ya nemi CP/M domin sabuwar kwamfutarsa, amma ciniki bai faɗa ba. Microsoft ne ya kawo DOS, wadda aka gina kan salon CP/M. An sayar da DOS kan dala 40, ta Kildall kuwa dala 240, masu saye suka bi mai araha.

Kildall ya sayar wa Novell kamfaninsa a 1991. Ya rasu a Monterey ranar 11 ga Yuli, 1994, yana da shekara 52, bayan rauni da ya ji a kai.

Tasirinsa bai gushe ba. Masu gyaran kwamfuta a Abuja har yanzu suna ambaton BIOS, kuma babban faifan Windows ya sami harafin C ne domin A da B na na'urorin filofi ne, tsarin da DOS ta gada daga CP/M.