Gustav Nachtigal: Likitan Jamus da ya ratsa Kawar zuwa Barno

Hanyar da matasa ke bi a yau ta Dirku zuwa Libiya, wani likita Bajamushe ya taka ta a 1870, sai dai shi kudu ya nufa. Sunansa Gustav Nachtigal, Larabawa kuma suka san shi da Idris Afandi.

An haife shi ranar 23 ga Fabrairu 1834 a ƙauyen Eichstedt da ke kusa da Stendal, cikin daular Furusiya. Mahaifinsa limamin coci ne, ya rasu Gustav yana yaro ƙarami. Ya yi karatun likita a jami'o'in Halle da Würzburg da Greifswald, daga nan ya zama likitan soja a birnin Kolon.

Ciwon huhu ne ya sauya masa rayuwa. A 1862 ya tafi Aljeriya neman iska mai zafi, sannan ya koma Tunis, inda ya koyi Larabci har ya zama likita a fadar sarkin ƙasar. Larabcin nan da aikin asibiti su suka buɗe masa ƙofofi daga baya, domin duk inda ya sauka marasa lafiya ke fara zuwa wurinsa.

A 1869 Sarki Wilhelm na ɗaya ya aike shi da kyaututtuka ga Shehu Umar na Barno, don gode masa bisa karamcin da ya yi wa matafiya Jamusawa irin su Heinrich Barth. Ya tashi daga Tarabulus, ya yada zango a Murzuk, ya leƙa duwatsun Tibesti inda ya sha da ƙyar. A shekarar da ta biyo ya ratsa Kawar da Bilma, garin gishirin da ayarin raƙuman Kel Geres na yankin Madawa suka daɗe suna zuwa ɗauka. Ya isa Kukawa a watan Yulin 1870.

Daga Barno ya zaga Kanem da Bagirmi da Wadai da Darfur, ya isa Khartum a 1874. Littafinsa mai juzu'i 3, Sahara und Sudan, har gobe masana tarihi na dogaro da shi, musamman kan cututtukan yankin da yadda ake farautar bayi a lokacin.

Ƙarshen rayuwarsa ne ya jawo ce-ce-ku-ce. A 1884 Bismarck ya tura shi gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a watan Yuli ya ƙulla yarjejeniyoyin da suka sa Togo da Kamaru ƙarƙashin Jamus. Mutumin da ya rubuta takaicinsa kan cinikin bayi, shi ne ya kafa tutar mulkin mallaka. Ya rasu a cikin jirgin ruwa ranar 20 ga Afrilu 1885, daga baya aka mayar da gawarsa Duwala.

A Disamban 2022 hukumomin Berlin suka cire sunansa daga wani dandali a unguwar Wedding. Yanzu dandalin na ɗauke da sunan Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914 saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen jama'arsa.